Sharhi: A Fitar da Hanya Kafin a Kafa Tubali, Darasi ga Shanono da Maƙwabtanta

A duk lokacin da aka ambaci tsara birane, abin da yakan fara zuwa zukatan jama'a shi ne birnin Kano da gadojinsa na sama, da cunkoson Kantin Kwari da Sabon Gari, da kuma motocin rusau. Mutumin Shanono ko Bagwai ko Tsanyawa yakan ɗauka cewa wannan magana ba da shi ake yi ba, tun da yake shi manomi ne, gidansa na gado ne, gonarsa kuma kowa a gari ya san iyakarta. To amma binciken da masana harkar gidaje da mulkin birane suka gudanar a 'yan shekarun nan ya mai da hankali ƙwarai a kan ƙananan garuruwa da karkara mai yawan jama'a, irin tamu ta arewacin Jihar Kano. Dalili kuwa shi ne, a irin waɗannan wurare ne ake ta gina sababbin birane a yau, gida bayan gida, alhali babu wanda ya zauna ya tsara inda hanya za ta bi ko inda ruwan sama zai wuce.

Bari mu fara da alƙaluma. Ƙaramar Hukumar Shanono tana da faɗin ƙasa murabba'in kilomita 697, kuma ƙidayar jama'a ta shekarar 2006 ta nuna tana da mutum 140,607. Idan aka raba, za a ga kowace murabba'in kilomita guda tana ɗauke da kimanin mutum 200. Domin a gane nauyin wannan adadi, sai an koma shekarar 1965, lokacin da Michael Mortimore, malamin ilmin labarin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wanda daga baya ya zama farfesa a Jami'ar Bayero, shi da abokin aikinsa suka wallafa bincike a kan ƙasar noman da ta kewaye birnin Kano. Sun ware ta a matsayin yanki na musamman saboda tsananin yawan mazaunanta, kuma mizanin da suka yi amfani da shi wajen shata iyakar yankin bai wuce kimanin mutum 140 a kowace murabba'in kilomita ba. Ke nan tun a 2006 Shanono ta zarce mizanin da a wancan zamani ake ganin ya isa abin mamaki. Ba a sake ƙidayar jama'a a Nijeriya ba tun daga wannan shekara, amma duk wanda ya halarci rabon gado a Alajawa ko Kokiya ko Shakogi ya san cewa magada suna ƙaruwa, gona kuwa tana nan yadda take.

Shi Mortimore bai ɗauki yawan jama'a a matsayin masifa ba. Abin da ya gano shi ne, manoman Kano sun san yadda ake riƙon ƙasa: suna zuba taki, suna haɗa dawa da gero da wake da gyaɗa a gona ɗaya, suna tattalin itatuwa irin su ɗorawa da kuka da gawo, suna kuma kiwon awaki da tumaki a cikin gida domin samun taki. Ya kuma bayyana yadda jakuna kan shiga birni ɗauke da itacen girki, su fito ɗauke da sharar birni zuwa gonaki. Wannan basira ce ta sa ake noma ƙasa ɗaya shekara da shekaru ba tare da an bar ta ta huta ba. Sai dai taki yana iya farfaɗo da gonar da ta gaji, amma ba ya iya dawo da gonar da aka yanka fulotai.

Misali mafi kusa da mu a nan shi ne Ɗorayi. A farkon shekarun 1970 wata masaniya 'yar Ingila mai suna Polly Hill ta yi zaman bincike a can, ta kuma fitar da littafinta a kan karkarar Kano a 1977. Ɗorayin da ta bayyana ƙasar noma ce, gidaje a warwatse cikin gonaki, wasunsu manya ƙwarai masu ɗauke da iyalai da yawa, gonaki kuma sun yi ƙanƙanta saboda rabon gado, har magidanta da dama ba su da abin nomawa sai kaɗan. Wanda ya karanta bayanin nata zai ga kamar ƙauyukanmu na yau ake siffantawa. Yanzu Ɗorayi unguwa ce a cikin Ƙaramar Hukumar Gwale, kuma da wuya ka hango gona a cikinta. Mutanen wurin ba su yi ƙaura zuwa birni ba, birnin ne ya same su a gida. Yadda kuwa abin ya faru sananne ne ga kowa: mai gona ya matsu da kuɗi ko magada su ƙi zama tare, dillali ya saya, ya ɗauko igiya ya yanka, ya bar ɗan lungu a tsakani, ya sayar. Wannan shi ne abin da ake kira awon igiya, kuma da shi aka gina babban ɓangare na unguwannin da ke gefen Kano. Da yake duk taƙin da dillali ya bari domin hanya kuɗi ne ya fita daga aljihunsa, lungun yakan fito ne daidai wucewar babur. Filin makaranta da na asibiti da na maƙabarta kuwa ba aikinsa ba ne.

Mai karatu zai iya cewa ai Ɗorayi a bakin birni take, Shanono kuwa tana can iyakar Jihar Katsina, yaushe Kano za ta iso ta? Gaskiya ne ba za ta iso ta nan kusa ba. Sai dai masana sun nuna cewa ba lallai ne sai babban birni ya zo kafin ƙauye ya zama birni ba. Akwai wani shirin bincike mai suna Africapolis, wanda wata cibiya mai nazarin yankin Sahel da Afirka ta Yamma da ke birnin Faris take gudanarwa. Su ba su dogara da sunan da gwamnati ta ba wa wuri ba; hotunan tauraron ɗan'adam suke dubawa su haɗa da ƙidayar jama'a. A wurinsu, duk inda gine-gine suka haɗu ba tare da tazarar da ta wuce mita 200 ba, kuma mazauna suka kai 10,000, to wurin ya zama birni. Da wannan ma'auni suka ƙirga wurare fiye da 7,600 a nahiyar Afirka a shekarar 2015, fiye da 1,200 daga ciki a Nijeriya suke, kuma masu yawa daga cikinsu a takardun hukuma ƙauyuka ne kawai. Sun kuma nuna cewa a karkara mai yawan jama'a, kamar kudu maso gabashin Nijeriya, ƙauyuka kan yi ta faɗaɗa har su haɗe da juna su zama gari guda ba tare da wani baƙo ya zo ba. Rahoton da suka fitar a 2025 ya yi hasashen cewa mazauna birane a Afirka za su ninka daga kimanin miliyan 700 zuwa biliyan 1.4 nan da shekarar 2050.

Alamomin wannan sauyi ba a ɓoye suke ba. Duk garin da ya sami kwalta, sai ka ga shaguna da gidajen bulo sun jeru a bakinta, suna bin ta har su fita gari. Shirin gina titi mai tsawon kilomita 5 a hedikwatar kowace ƙaramar hukuma, wanda aka faro a zangon mulki na biyu na Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso tsakanin 2011 da 2015, gwamnatin Injiniya Abba Kabir Yusuf kuma ta sake waiwayarsa bayan hawanta a 2023, ya ƙara wa filayen bakin hanya daraja a garuruwa da dama. Wannan alheri ne. Amma titi ɗaya ba ya wadatar da gari. Idan aka cike bakinsa da gine-gine ba a bar mashiga ba, to duk gonakin da ke bayan layin farko sun toshe, kuma gidajen da za a gina a cikinsu nan gaba sai dai a shige su ta lungu.

Akwai kuma wani dalili mai ɗaci wanda ya sa maganar ta zama ta gaggawa a wannan yanki. A ƙarshen shekarar 2025 'yan bindiga da ke tsallakowa daga ɓangaren Katsina sun kai hare-hare a ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, har sai da aka girke jami'an tsaro, kuma iyalai da dama suka bar gidajensu suka nemi mafaka a wuraren da suka fi yawan jama'a. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kuma kawo mana ƙarshen wannan fitina. Tarihi ya nuna cewa rashin tsaro yana tara mutane wuri ɗaya. A ƙarni na 19 mutane sun taru cikin garuruwa masu ganuwa da ribaɗoɗi, bayan da yaƙe-yaƙe suka lafa kuma suka bazu cikin gonaki suka kafa ƙauyuka da unguwanni. Idan tsoro ya sake tara su a yau, to garuruwa irin su Shanono da Faruruwa ne za su ɗauki nauyin. Shi kuwa wanda ya gudo da iyalinsa ba ya da zaɓin wuri, duk inda ɗan'uwa ya nuna masa nan zai kafa, ko da a kwari ne ko a hanyar ruwa. Rumfar da aka kafa da niyyar wata uku ita ce takan zama ɗakin ƙasa, daga baya ta zama na bulo.

Kada wannan ya sa a ɗauki girman ƙananan garuruwa a matsayin abin gudu. Wani bincike da Luc Christiaensen na Bankin Duniya da abokan aikinsa suka yi a yankin Kagera na ƙasar Tanzaniya ya bi sawun mutum fiye da 3,000 daga farkon shekarun 1990 har zuwa 2010. Sun gano cewa kusan rabin waɗanda suka fita daga talauci sun fita ne ta hanyar komawa sana'ar da ba noma ba a karkara ko a ƙaramin gari, alhali mutum ɗaya ne kacal cikin bakwai ya fita ta hanyar tafiya babban birni. Dalilin a fili yake: ƙaramin gari yana kusa, kuɗin mota kaɗan ne, mutum yana iya yin walda ko ɗinki ko sayar da hatsi ba tare da ya saki gonarsa ba. Saboda haka garin Shanono mai kyakkyawan tsari, mai kasuwa da wuta da ruwa, zai iya riƙe matasa da yawa waɗanda in ba haka ba sai su tafi ci-rani Kano ko Abuja ko Legas.

To mene ne ainihin abin da ake bukata? A nan ne binciken ya fi ba da sha'awa, domin amsar ba ta da tsada kamar yadda ake zato. A shekarun 1970 da 1980 Bankin Duniya ya tallafa wa wani shiri a birane bakwai na Tanzaniya, wanda ya kasu gida biyu. A wasu wurare an je fili wanda ba a riga an gina ba, aka fitar da hanyoyi, aka yanka fulotai, aka kai ruwa, sannan aka bar mutane kowa ya gina gidansa da kansa. A wasu wuraren kuma an shiga unguwannin da suka riga suka cunkushe aka yi ƙoƙarin gyara su. Bayan fiye da shekara talatin, Guy Michaels na wata jami'a a Landan tare da abokan aikinsa suka koma suka duba sakamakon, suka wallafa a 2021. Wuraren da aka tsara tun suna fili sun zama unguwanni masu gidaje nagari, masu hanyar mota, da wutar lantarki da bayan gida mai kyau, darajar filayensu kuma ta haura. Wuraren da aka gyara bayan an gina kuwa, bambancinsu da unguwannin da ba a taɓa ba bai taka kara ya karya ba. Lura da cewa gwamnati ba ta gina wa kowa gida a wancan shiri ba. Hanya kawai ta fitar a kan lokaci.

A ƙasar Habasha an gwada irin wannan daga shekarar 2013, tare da masana daga Jami'ar New York ƙarƙashin jagorancin Shlomo Angel. Biranen Hawasa da Adama da Bahir Dar da Mekele suka ƙiyasta yawan mutanen da za su samu cikin shekara talatin, suka shata manyan hanyoyi masu faɗin mita 30, da tazarar kilomita guda tsakanin kowace hanya da 'yar'uwarta, a cikin gonakin da ke kewaye da su. Ba a zuba kwalta nan take ba, abin da aka fara yi shi ne mallakar hurumin hanyar da kafa masa alama. A ƙasar Kolombiya, inda aka yi irin wannan shiri, itatuwa aka dasa a gefen hanyoyin da ba a riga an gina ba, domin kowa ya san inda za su bi. Garin da bai kai waɗannan girma ba ba ya bukatar mita 30, amma dabarar ɗaya ce, kuma darbejiya ba ta fi ƙarfin kowace ƙaramar hukuma ba.

Wannan dabara ma ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Ganuwar Kano, wadda aka faro a zamanin Sarki Gijimasu, aka kuma faɗaɗa a zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ta zagaye fili mai yawa fiye da inda gidaje suke. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar da gonaki da sarari mai faɗi a cikin ganuwa. Magabata sun yi tanadi domin lokacin yaƙi, sun kuma bar wa na baya wurin gini. Kududdufan da aka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini su ne suke shanye ruwan sama, kuma cike su da shara a gina a kai yana daga cikin abin da ke jawo ambaliya a unguwannin birni a yau. Malamanmu ma ba su bar wannan fanni ba. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu a kan hukuncin mallakar ƙasa da raya matacciyar ƙasa da hurumin gari, kuma a fiƙihu an san cewa idan aka yi jayayya a kan faɗin hanya, zira'i bakwai ake bari. Zira'i bakwai ya ishi raƙumi da kayansa. Ba zai ishi motar kashe gobara da tifar yashi su yi kiciɓis ba, don haka dole a ƙara, amma asalin hukuncin, wato cewa hanya haƙƙin jama'a ce wadda mai gini ba shi da ikon ci, yana nan daram.

Idan muka dubi Kano ta zamani, za mu ga an yi ƙoƙari, sai dai jama'a sun fi tsarin sauri. An yi babban tsari na shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, wanda aka fi sani da sunan mai zana shi, Trevallion. An kafa hukumomi ɗaya bayan ɗaya, har aka zo kan KASEPPA, sannan KNUPDA ta yanzu. Amma fulotan da hukuma take fitarwa ba su taɓa isar masu nema ba, saboda haka talaka ya koma wurin mai igiya. An gina rukunonin gidaje na Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, masu kyau da tsari, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, balle manomi. Mafi yawan mutanenmu a hankali suke gini: bana a yi katanga da ɗaki ɗaya, baɗi in amfanin gona ya yi kyau a ƙara zaure. Tsarin da zai yi musu amfani shi ne wanda ya yarda da wannan hali, ya ba su fili mai hanya da takarda, ya bar musu ginin. Shi kuwa gyara bayan an gina, kowa ya ga abin da yake jawowa. Rikicin Rimin Zakara a Ƙaramar Hukumar Ungogo, a kan filin da aka daɗe ana taƙaddama tsakanin mazauna da Jami'ar Bayero, ya kai ga asarar rayuka a watan Fabrairun 2025 lokacin da aka je rusau. Iyakar da ba a warware ta tana gona ba, warware ta bayan ta zama gidajen mutane sai da kuka.

Wa ke da alhakin wannan aiki a wuri irin Shanono? A nan ya kamata shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli da ma'aikatan sashen ayyuka su buɗe kunne. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa dukkan ƙasar jiha amana a hannun Gwamna, amma ta raba kulawa gida biyu. Filayen da ke cikin wurin da Gwamna ya ayyana a matsayin birni suna ƙarƙashinsa kai tsaye, sauran kuwa suna ƙarƙashin ƙaramar hukuma, wadda take da ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya, kuma dokar ta ce a kafa mata kwamitin ba da shawara a kan rabon filaye. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, kuma a cikinsu akwai gina hanyoyi da magudanan ruwa, da sanya wa tituna suna da gidaje lamba, da kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da maƙabartu da kwashe shara. Dokar tsara birane da yankuna ta 1992 ta tanadi hukumar tsare-tsare a matakin ƙaramar hukuma, ko da yake Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2003, a ƙarar da Jihar Legas ta shigar, cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Sannan a ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙolin ta yi umarni da a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, hukuncin da aiwatar da shi ya gamu da jan ƙafa. Ko da kuɗin bai zo yadda ake so ba, ikon da ake bukata domin shata hanya da ware filin makaranta yana nan a rubuce tun 1978. Abin da ya yi ƙaranci shi ne safiyo da jami'in tsara gari a sakatariya, da kuma majalisar da za ta ɗauki abin da muhimmanci kafin rigima ta taso.

Yanzu sai mu zo kan wurin da gizo ke saƙa. Hanya ba a sama take bi ba, ta gonar wani za ta wuce. Dokar 1978 ta ce idan aka karɓi fili domin amfanin jama'a, diyyar da za a biya ta abin da ke kan filin ce, wato gini da shuka da itatuwa, ba ta ƙasar kanta ba. Ta kuma ce wanda aka karɓi gonarsa a karkara, ƙaramar hukuma ta ba shi wata a madadinta. Wannan tanadi yana da ma'ana a inda akwai daji. A ƙasar da kowane taƙi yake da mai shi, ina za a samo wata gonar? Wannan ne ya sa manomi da zarar ya ga baƙi da na'urar awo a kusa da gonarsa sai gabansa ya faɗi, ya yi maza ya nemi dillali ya sayar kafin hukuma ta iso. Wato tsoron hukuma shi kansa yana ciyar da awon igiya gaba, kuma ba za a ga laifin manomin ba.

Mafitar da masana suka fi yabawa ita ce a mai da mai gona abokin tarayya. Ana haɗa gonakin da ke gefen gari a auna su gaba ɗaya, a cire kason hanya da makaranta da asibiti da kasuwa daga kowa gwargwadon girman gonarsa, sannan a mayar wa kowa ragowar a matsayin fulotai masu hanya da takarda. Filin mutum ya ragu, amma darajarsa ta ƙaru. Da wannan hanya aka gina ɓangare mai yawa na biranen Japan da Koriya ta Kudu, kuma a Jihar Gujarat ta Indiya, inda mai fili yakan riƙe kimanin kashi 60 cikin 100, da ita aka samar da mafi yawan filin babbar hanyar da ta zagaye birnin Ahmedabad. Mutanen Kano sun san irinsa da sunan kashi-mu-raba. Sharaɗinsa ɗaya ne, wato gaskiya. Idan labarin inda za a yi awo ya fara isa kunnen masu kuɗi kafin ya isa kunnen masu gona, to za su riga su saye da araha, ribar ta koma wurinsu. Haka nan idan aka rubuta sunan babban wa shi kaɗai a gonar gado, an zalunci mata da marayu da 'yan'uwan da ke ci-rani. Saboda haka a ganinmu, duk awon da ba a karanta sunayen masu haƙƙi a bainar jama'a ba, a ƙofar gidan dagaci ko bayan sallar Juma'a, aka kuma ba da lokacin ƙorafi, bai cancanci shugaban ƙaramar hukuma ya sa masa hannu ba.

Batun takarda ma yana bukatar sauƙi. Kwamitin gyaran harkar filaye da marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje ya yi aiki ne da ƙiyasin cewa abin da aka yi wa rajista a ƙasar Nijeriya bai wuce kashi 3 cikin 100 ba, kuma Kano tana cikin jihohin da aka gwada yin rajista gida-gida. Ƙasar Ruwanda ta auna filaye fiye da miliyan 10 tsakanin 2009 da 2013, ta hanyar amfani da hotunan sama da matasan ƙauye da aka koya wa aikin, maƙwabta suna tsaye suna shaida iyaka. A wurinmu masu unguwanni da dagatai sun san tarihin kowace gona, sun san wadda take jingina da wadda take aro da wadda aka saya. Wannan sani yana cikin kawunan dattawa, kuma duk dattijon da ya rasu da nasa yake tafiya.

Akwai kuma wuraren da bai kamata igiya ta taɓa ba ko kaɗan. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya yi hasashen cewa faɗaɗar birane za ta cinye kimanin kashi 2 cikin 100 na gonakin duniya nan da 2030, mafi yawa a Asiya da Afirka, kuma ya sanya Nijeriya cikin ƙasashen da abin zai fi shafa, tare da nuna cewa gonakin da ke bakin gari galibi su ne mafiya albarka. Fadama da bakin rafi da kududdufi, idan aka gina su an yi asara biyu, an rasa abinci an kuma gayyato ambaliya. Burtali kuwa, toshe shi yana nufin dabba za ta bi ta gonar wani, kuma a halin da iyakarmu take ciki ba ma bukatar ƙarin dalilin husuma tsakanin manomi da makiyayi.

Iyayenmu hakimai da dagatai sun san cewa cinikin gona da buga bulo sun fi yawa daga kaka zuwa bazara, lokacin da amfani ya zo gida kuma ƙasa ta bushe. A daidai wannan lokaci ne gonaki suke a sarari, ana iya ganin iyaka, ana iya kafa turakun siminti ba tare da an taka shukar kowa ba. Majalisar ƙaramar hukumar da take son yin wannan aiki sai ta sanya kuɗin safiyo da turaku da dashen itatuwa a cikin kasafinta tun kafin shekara ta ƙare, ta nemi taimakon ma'aikatar ƙasa da safiyo ta jiha da KNUPDA wajen taswira, ta fara da hedikwata da garuruwan kasuwa, a kafa turaku da rani, a dasa itatuwan da zarar ruwa ya sauka.